Tsofaffi da tarin magunguna: wa ke riƙe da lissafin abin da suke sha?

Tun da gwamnati ta rage kuɗin asibiti da rabi daga ranar 1 ga Satumba 2024, kai dattijo ganin likita ya ɗan yi sauƙi. Sai dai bayan an dawo gida akwai hatsarin da ba a cika magana a kansa ba: magunguna na taruwa a ɗakin tsoho ba tare da mutum ɗaya ya san su duka ba. Abin da ya faru a wuraren kula da tsofaffi na Ingila da Amurka ya isa ishara.

A gidaje da yawa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, inda ake jinyar dattijo ko dattijuwa mai doguwar rashin lafiya, za a tarar da baƙar leda ko tsohon gwangwanin madara a gefen gado. A ciki akwai maganin hawan jini da aka rubuta a babban asibiti, da na suga da aka karɓo a asibitin unguwa, da ƙwayoyin ciwon gwiwa da aka sayo wurin mai tebur a bakin tasha, da wani kwali mai rubutun Ingilishi da ya zo daga Kano ko Katsina, ga kuma jarkar jiƙo a ƙarƙashin gado. Kowanne da kyakkyawar niyya aka kawo shi. Amma idan aka tambayi mutanen gidan guda nawa Baba ke sha a yini, kuma mene ne aikin kowanne, da wuya a samu mutum biyu da amsarsu ta zo ɗaya.

Tsufa a ƙasar matasa

Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Shi ya sa tsarin kiwon lafiya ya fi karkata ga zazzaɓin cizon sauro, tamowa, rigakafi da haihuwa. Kulawar kyauta da aka kafa a 2005 da 2006 ta shafi tiyatar haihuwa, awon ciki da yara ƴan ƙasa da shekara 5, kuma babu mai cewa wannan zaɓi kuskure ne. To amma waɗanda suka kai shekara 60 sun kai wajen kashi 4 cikin 100, wato kimanin mutum miliyan ɗaya, kuma adadin ƙaruwa yake. Lokacin samun ƴancin kai a 1960 matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 40 ba. Yau ya ɗan haura 60.

Cututtukan wannan rukuni ba irin waɗanda ake warkewa cikin kwana uku ba ne. Hawan jini, suga, ciwon zuciya, ciwon gaɓoɓi, shanyewar ɓarin jiki da gigin tsufa, duka zama ake yi da su shekara da shekaru, kuma sau da yawa biyu ko uku ke haɗuwa a jiki ɗaya. A Turai gidaje na musamman ne ke ɗaukar kaso mai yawa na irin wannan doguwar kulawa. Faransa kaɗai tana da irinsu kimanin dubu 7 da ɗari 5, waɗanda ake kira EHPAD, da mazauna wajen dubu 600. A nan kuwa aikin na iyali ne: matar gida, ƴa, suruka ko jikanya, babu horo, babu takardar da ke nuna musu tsari.

Rangwamen 2024 ya shafi kuɗin ganin likita, awo, hoto da kwanciya a asibitocin gwamnati. Maganin da ake saye wata-wata a farmasi kuwa yana nan a wuyan iyali. Daga nan matsalar ke rabuwa biyu: wani lokaci magani ya yanke don babu kuɗi, wani lokaci kuma ya yi yawa don kowa ya kawo nasa.

Jikin tsoho ba ya ɗaukar magani kamar na saurayi

Duk ƙwayar da aka haɗiya, hanta ce ke sarrafa ta, ƙoda kuma ta fitar da ita ta fitsari. Daga wajen shekara 40 aikin tace jini na ƙoda yakan fara raguwa sannu a hankali, ta yadda ɗan shekara 80 zai iya rasa kaso mai yawa na wannan ƙarfi ba tare da ya ji ciwon komai ba. Ruwan jiki na raguwa, kitse na ƙaruwa, ƙwaƙwalwa kuma tana saurin jin tasirin duk abin da ke sa barci. Saboda haka awon da ya yi wa ɗan shekara 30 daidai yana iya yi wa kakansa yawa.

Misalin da likitoci suka fi bayarwa shi ne diyazepam, wanda aka fi sani da Valium. A jikin ɗan shekara 20, wajen awa 20 ake yi kafin rabin maganin ya fita. A jikin ɗan shekara 80 kuwa abin kan kai awa 80 zuwa 90. Idan ana ba tsohuwa ƙwaya ɗaya kowane dare don ta samu barci, ta jiya da ta shekaranjiya suna nan a jini lokacin da za a ƙara ta yau. Bayan mako guda sai a ga Inna tana layi, tana magana ba kan gado, a ce tsufa ne. Idan ta faɗi a hanyar bayan gida ƙashin ƙugu ya karye, sau da yawa daga wannan kwanciya ba a tashi.

Masana kan fara nuna damuwa idan magungunan da mutum ke sha kullum suka kai biyar, domin daga nan yiwuwar wani ya ci karo da wani takan ƙaru sosai. Tun a 1991 wani likitan Amurka, Mark Beers, ya fitar da jerin magungunan da illarsu ta fi amfaninsu ga mazauna gidajen tsofaffi, kuma har yau ana sabunta jerin. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya OMS ta ƙaddamar da shirin rage cutarwar da magani ke yi da rabi cikin shekara biyar, tana mai ƙiyasta cewa kurakuran magani na cinye wa duniya dalar Amurka miliyar 42 a kowace shekara. Abubuwa uku ta sa a gaba: magunguna masu hatsari, tarin magunguna a hannun mutum ɗaya, da lokacin da majinyaci ke sauya hannu daga asibiti zuwa gida. Duka ukun suna cikin ledar da ke gefen gadon Baba.

Tarkon da aka fi faɗawa

Na farko shi ne maganin ciwon jiki. Diklofenak da ibuprofen suna da arha, suna ko'ina, kuma suna kwantar da ciwon gwiwa da na baya nan take. Amma idan tsoho ya ɗauki watanni yana shan su, suna ɗaga hawan jini, suna iya fasa jini a ciki, suna kuma takura ƙoda. Abin ya fi muni idan mutum na shan maganin hawan jini irin su kaptopril ko enalapril, haɗe da mai sa fitsari irin su furosemid. Haɗuwar waɗannan uku sananniyar hanya ce ta tsayar da ƙoda farat ɗaya, musamman idan jiki ya bushe.

A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu kan kai digiri 45, bushewar jiki ba abin nesa ba ce, ga shi kuma tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro. A farkon Afrilun 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali kuma ana cikin azumi, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya rasuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, kusan rabinsu sun haura shekara 60. Faransa ma ta ɗanɗana irin wannan a zafin 2003 da ya kashe mutum wajen dubu 15, akasarinsu tsofaffi, kuma tun daga lokacin hukumomin lafiyarta kan tunatar da likitoci su sake duba magungunan tsofaffi idan zafi ya tsananta.

Na biyu shi ne maganin suga. Glibenklamid ya daɗe a kasuwa kuma yana da arha, amma yana daɗewa a jiki, yana iya kayar da suga ƙasa sosai na tsawon sa'o'i. Tsohon da ya sha shi bai ci abinci ba, ko ya dage sai ya yi azumi ba tare da an gyara masa awo ba, yana iya fara gumi, ruɗewa, har suma, mutanen gida su ɗauka shanyewar jiki ce ko iska. Tun 2013 jerin muhimman magunguna na OMS ya nuna cewa bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, ya fifita gliklazid a madadinsa.

Na uku shi ne maganin da ke haifar da wani magani. Amlodipin yana sauke hawan jini da kyau, amma yakan kumbura ƙafa ga wasu. Idan aka kai tsoho wurin wani ma'aikacin lafiyar da bai san yana shan sa ba, sai ya ga kumburi ya rubuta mai sa fitsari. Wannan ya sa tsohon tashi sau huɗu cikin dare, ya hana shi barci, sai a nemo masa na barci. Na barcin ya kawo jiri, a sayo na jiri. An fara da ƙwaya ɗaya an ƙare da huɗu, alhali sauya ta farkon kawai ya isa.

Akwai kuma ƙananan kurakurai na yau da kullum. Doliprane, Efferalgan da Panadol duka parasitamol ne. Wanda ya sha biyu daga cikinsu yana zaton magani biyu ya sha, alhali ninka awo ya yi, kuma hanta ce ke ɗaukar nauyin. Ƙwayar da aka rubuta wa LP a kwali an yi ta ne don ta saki ƙarfinta a hankali cikin yini. Idan aka daka ta aka zuba a kunu don tsoho ya kasa haɗiya, ƙarfin yini guda ne zai shiga jini lokaci ɗaya. Deksametazon da ake sayarwa a tebur yana sa jin ƙarfi da cin abinci, amma yana ɗaga suga da hawan jini, yana cinye ƙashi, kuma wanda ya daɗe a kansa ba a yanke masa shi rana ɗaya. Tramol kan kawo ruɗewa da faɗuwa. Kanwa kuma, wadda wasu ke jiƙawa don ciwon ciki, tana ɗauke da sinadarin nan na gishiri da ake hana mai hawan jini.

Darasin Ingila da Amurka

Wani zai ce duk wannan rashin ƙwararru ne ya jawo, da akwai gidajen tsofaffi masu likita da ma'aikatan jinya da an huta. Tarihin ƙasashen da ke da su bai goyi bayan wannan zato ba.

A watan Yuni na 2018 wani kwamitin bincike ƙarƙashin Bishop James Jones ya fitar da rahoto kan asibitin Gosport da ke kudancin Ingila. Kwamitin ya gano cewa daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa wajen 2000, an gajarta rayuwar majinyata 456 ta hanyar ba su magunguna masu ƙarfi dangin mofin ba tare da hujjar likitanci ba, kuma mai yiwuwa akwai wasu 200 da takardunsu suka ɓace. Da yawansu tsofaffi ne da aka kai don su murmure su koma gida. Tun 1991 wasu ma'aikatan jinya suka nuna damuwa, ba a saurare su ba. Iyalai kuma sun shafe kusan shekara 20 suna neman a ji kukansu.

A Amurka matsalar ta fi fitowa ta wajen magungunan taɓin hankali da ake ba masu gigin tsufa don su yi shiru. A 2005 hukumar kula da magunguna ta ƙasar, FDA, ta yi gargaɗi cewa waɗannan magunguna na ƙara hatsarin mutuwa ga tsofaffi masu gigin tsufa. Duk da haka, a ƙarshen 2011 kusan kashi 24 cikin 100 na masu dogon zama a gidajen tsofaffi suna shan su. Wani shirin gwamnati da aka fara a 2012 ya sauko da adadin zuwa wajen kashi 15 a 2018. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa a kowane mako ana ba mutum sama da dubu 179 irin waɗannan magunguna ba tare da suna da cutar da aka yi su dominta ba. Dalilin da ya fi fitowa shi ne ƙarancin ma'aikata: tsohon da ke barci ba ya buƙatar mai tsaro.

Abu biyu ne suka haɗa waɗannan labarai. Na ɗaya, an ci gaba da ba da magani don an saba, babu mai tsayawa ya tambaya ko har yanzu ana buƙatarsa. Na biyu, waɗanda suka fi kusa da majinyaci sun ga alama, amma muryarsu ba ta da nauyi. Wannan bai tsaya a Ingila da Amurka ba. Surukar da ta kwana uku ba ta runtsa ba saboda tsohuwa na yawo cikin dare, ga girki ga yara, ita ma za ta iya neman ƙwayar da za ta kwantar da ita, ba don mugunta ba, don gajiya. Jikanyar da ta lura Kaka ta canza tun ranar da aka fara sabon magani kuwa, kunya na iya hana ta faɗa wa babban wan da ya aiko da shi.

Ƙarin nauyin da ke kan Nijar

A nan akwai abin da Gosport ba ta fuskanta ba: shakku kan maganin kansa. OMS ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko maras inganci. Rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ONUDC, na 2023 ya ce a ƙasashen Sahel adadin na tsakanin kashi 19 zuwa 50 cikin 100. Nijar ta san zafin abin tun annobar sanƙarau ta 1995, lokacin da aka yi wa dubban mutane allurar rigakafi ta jabu. Tana kuma cikin ƙasashe bakwai na yarjejeniyar Lome ta Janairun 2020 kan yaƙi da jabun magunguna.

Ga mai hawan jini, ƙwayar da ba ta da ƙarfi tana da illa ta musamman. Likita zai auna ya ga jini bai sauka ba, ya ƙara awo ko ya ƙara wani magani. Ranar da aka sayo na gaske a farmasi, sai jinin ya faɗi ƙasa fiye da kima. Ko na gasken ma zafi na lalata shi: yawancin kwalaye na cewa a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, alhali tiren mai talla na yini a rana, ɗakin kwano kuma kan wuce 40. Insulin ya fi kowanne rashin jure wannan.

Sai kuma batun hannu da yawa. Mafi yawan farmasi masu zaman kansu a Yamai suke. Mutanen Maraɗi, Konni, Magarya da Matamai kan tsallaka neman magani Katsina, Sakkwato, Daura ko Kano, su dawo da takarda cikin Ingilishi da sunayen kamfani daban da na takardar Faransanci da ke gida. Ba abin mamaki ba ne a tarar mutum na shan magani ɗaya sau biyu da suna biyu.

Gyaran da ba ya buƙatar sabon gini

Abin da ƙasashen da suka sha wahalar nan suka koma yi ba mai tsada ba ne: zama a duba magungunan mutum gaba ɗaya lokaci-lokaci, a cire wanda aikinsa ya ƙare. Tun 2018 Faransa ke biyan masu farmasi don su yi wa tsofaffin da ke shan magani biyar ko fiye irin wannan bita, su aika wa likita sakamako. A Nijar, majon asibitin unguwa ko mai farmasi zai iya yin kwatankwacinsa cikin minti goma sha biyar, in dai ma'aikatar lafiya ta sa shi cikin aikinsu, ta ba su ɗan gajeren jerin magungunan da za a guje wa ga wanda ya haura 60, ta kuma sauƙaƙa awon ƙoda ga duk tsohon da ke kan magani na dindindin. Gwamnatin da ta soke jikka 150 da masu wankin ƙoda ke biya kafin a fara yi musu, ita ce za ta fi cin ribar hana mutane kai wa ga na'urar tun farko. Hukumar da ke sa ido kan magunguna, ANRP, da ɗakin gwaji na LANSPEX kuma aikinsu ne su tabbatar abin da ke cikin ƙwaya ya yi daidai da abin da ke kan kwali.

Rabon iyali shi ne mafi kusa. Mutum ɗaya ya kamata ya riƙe maganin tsoho, shi ke bayarwa, ta hannunsa duk wani sabo zai bi, ko da babban ɗa ne ya aiko daga Abijan ko Libiya. A rubuta komai a karne ɗaya, da boko ko da ajami: suna, dalili, lokaci, da ranar da aka fara. Duk ranar zuwa asibiti a ɗauki ledar gaba ɗaya, har da na tebur da jiƙo da kanwa, a zazzage a gaban likita ba tare da jin kunya ba, a tambaye shi wanne za a iya bari. Idan tsoho ya fara ruɗewa, yawan barci, jiri, faɗuwa ko ƙarancin fitsari bayan sabon magani, a fara zargin maganin kafin a zargi shekaru, a koma asibiti da wuri. Haka kuma kafin azumi, da farkon bazara, da ranar da gudawa ko amai ya kama shi. Abin da ba a yi shi ne iyali su yanke maganin hawan jini, na zuciya ko na farfaɗiya da kansu, domin yankewa farat ɗaya ma na kisa.

Kowace ranar 1 ga Oktoba ana bikin ranar tsofaffi ta duniya, a yi jawabi kan darajar iyaye, a raba shinkafa da barguna. Al'ummar da ta ƙi kai iyayenta gidan tsofaffi ta ɗauki nauyin da a wasu ƙasashe ma'aikata masu albashi ke ɗauka, kuma ba su ma tsira daga kuskure ba. Mafi ƙarancin abin da matan da ke wannan jinya a cikin gidaje suka cancanta shi ne a samu ma'aikacin lafiya ɗaya da zai buɗe ledar tare da su, ya faɗa musu wanne za a ci gaba da shi, wanne kuma za a zubar.